Mas'alar Jog da Filta, da Abin da Araha Ta Jawo Mini

Tun ina yaro, sa'ad da aka ɗauke ni daga allo aka zaunar da ni gaban littattafan fiƙihu, babin da ya fi zauna mini a ka shi ne na rabe-raben ruwa, inda Shehu Abdulbari mai Ishmawi da masu yi masa sharhi suka tsaya suka bambance ruwan da ya halatta a yi tsarki da shi da wanda bai halatta ba, suka rataya hukuncin a kan siffofi uku, wato launi da ɗanɗano da ƙanshi. Da yake ni almajiri ne mai saurin gamsuwa, sai na tashi da zaton cewa ilmin ruwa na duniya duk ya ƙare a nan, ban farga ba sai da furfura ta riske ni, Allah ya kawo mu zamanin da aka ƙara wa babin wata hashiya wadda babu malamin da ya karantar da mu ita, ita ce mas'alar jog da filta.

Ga wanda Allah bai jarrabe shi da ganin abin ba tukuna, jog ɗin nan wani ɗan tulu ne na roba garai-garai, mai hannu da murfi, cikinsa bai wuce lita biyu da 'yan kai ba, an raba shi hawa biyu kamar gidan bene, a tsakanin hawan sama da na ƙasa kuwa akwai wani rufaffen ƙoƙo da ake cusawa, shi ne filta, shi ne kuma ruhin abin baki ɗaya, domin in an zare shi, abin da ya rage ba shi da wani fifiko a kan butar alwala sai tsada. Akan zuba ruwa ta sama, ya riƙa ɗiga ta cikin ƙoƙon sannu-sannu kamar kyautar marowaci, har ya taru a ƙasa. Asalin sana'ar daga Jamus take, inda wani mutum mai suna Heinz Hankammer ya kafa kamfani a 1966 ya raɗa masa sunan 'yarsa Brita, daga baya masu kwaikwayo suka cika duniya. Abin da ke cikin ƙoƙon kuwa ba wani asiri ba ne: gawayi ne, galibi na ɓawon kwakwa, wanda aka yi wa gashi na musamman har ya yi ƙananan ƙofofi da ba su lissaftuwa, sai kuma waɗansu 'yan ƙwayoyi masu kama da ƙwan kifi. Gawayin yana kama warin kulorin, ƙwayoyin kuwa suna rage farin abin nan da ke daskarewa a gindin butar shayi, tare da ɗan abin da tsofaffin bututu ke saki na dalma da tagulla. Iyakar aikinsa ke nan, mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Wanda ya fara shigo da wannan bidi'a unguwarmu a nan Kafanchan wani Alhaji ne maƙwabcina, dillalin citta, wanda ba zan ambaci sunansa ba saboda haƙƙin maƙwabtaka da kuma ɗan bashin da yake bina. Ɗansa da ke aiki a Abuja ne ya kawo masa tsarabar Babbar Sallah. Alhaji bai yarda an kai abin kicin ba, inda ruwa yake da aiki. Sai ya sa aka shimfiɗa masa ƙyalle a kan teburin tsakiyar falo, aka girke shi tsakanin rimot da hoton da ya ɗauko a Makka, duk baƙon da ya shigo kuwa, kafin a gama gaisuwa, tilas ya zauna ya halarci ɗigar ruwa daga sama zuwa ƙasa cikin natsuwa irin ta masu sauraren tafsiri. Ranar da layi ya zo kaina, ya tsiyaya mini da hannunsa, ya ce, “Malam, ɗanɗana ka ji. Wannan ruwa ko a Jidda sai dai haka.” Na kurɓa, sai na ji ɗanɗanon rijiyarsa, wadda na sani shekara talatin, domin jijiyarta ɗaya da tawa, katanga ce kurum ta raba su, kuma na san yawan takun da ke tsakaninta da salgarsa, bai kai yadda malaman tsabta na da za su yarda ba. Amma da na ɗaga kai na ga idon Alhaji a kaina, sai na ce, “Tabarakalla, Alhaji, lalle ilmi kogi ne.” Wannan ita ce ƙaryar farko a cikin ƙissar nan, kuma daga gare ta sauran suka tsiro.

Kafin damina ta zagayo, abin ya game unguwa. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya tara tun wajen 1927, lokacin da layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu a nan, reshe ɗaya ya nufi Jos ɗaya ya nufi Kaduna, saboda haka ba irin mutanen da babu: Fantsuwam, Kaninkon, Bajju, mutanen Kagoro, Hausawa, Fulani, Ibo da Yarbawa, kowa da harshensa da wurin ibadarsa, kuma kowa ya san sau da yawa mun saɓa a kan abubuwan da suka fi ruwa nauyi. To, a kan jog dai sai ga ijma'i ya ƙullu. Matan Islamiyya suka yi adashinsa, matan zumunta suka yi adashinsa, ya shiga kayan ɗakin amare ya zauna kusa da kuloli, har na ji an ce wata uwar ango ta leƙa ɗakin amarya ta fito tana taɓe baki, wai kaya sun yi kyau, sai dai iyayen yarinyar ba su damu da lafiyar ɗanta ba.

Uwargida ta kawo mini maganar da dare, bayan tuwo, lokacin da ta san hujjojina sun fi rauni. Na karanto mata babin israfi, na kawo mata falalar ƙana'a, na tuna mata kakata da ta shekara casa'in tana shan ruwan randa da moɗar duma. Ta saurara har na ƙare, sa'an nan ta ce, “Malam, ai ni ba don kaina ba ne. Jiya matar Alhaji ta shigo, da na kawo mata ruwa sai ta ce tana azumi, alhali na ga goro a bakinta.” Washegari na sayi jog.

Ashe sayen doki ba shi ne wahala ba, harawa ita ce. Sai da abin ya shigo gida ɗana ya karanta mini jikin kwali, cewa filta tana da ajali kamar kowane mai rai, wata guda ne, ko kuwa in ta tace kimanin lita 150, duk wanda ya riga zuwa. Na ɗauki alƙalami na yi hisabi. Gidana mutum goma sha biyu ne, ban da almajiran da ke shigowa da masu sallama a zaure, in kowa ya sha lita biyu da rabi a yini, wanda a zafin bazara ma rowa ce, an sha lita 30, watau filtar da Bajamushe da matarsa da karensu za su yi wata suna lallaɓawa, mu kwana biyar za ta yi mana, a shekara muna bukatar guda 73. Na sake lissafin sau biyu ko Allah zai sa in yi kuskure, bai sa ba.

Ana cikin wannan hali sai watan Nuwamba ya kama, yara suka zo mini da bushara cewa wai Baƙar Juma'a ta ƙarato. Na yi a'uziyya, na tambaye su wane kafirin ne ya baƙanta shugabar ranaku, suka ce a'a, Baba, wata al'ada ce ta Amurka, ranar da 'yan kasuwa ke karya farashi, yanzu kuma ta iso waya. A nan ya kamata in tsaya in faɗi wata gaskiya game da mu, ko da za ta yi ɗaci. Mu mutane ne da Allah ya jarrabta da son rangwame so mai tsanani, har ya zamana ba kayan muke saya ba, ragin muke saya. Mutuminmu zai bar abin da yake bukata a kan naira dubu, ya sayi abin da ba ya bukata a kan dubu uku, muddin an rantse masa cewa jiya dubu biyar ne, ya komo gida yana ba da labarin dubu biyun da ya ci riba. Na san wanda ya sayi maganin hawan jini katan guda saboda kwanansa ya kusa ƙarewa an karya kuɗinsa, alhali jininsa lafiya lau, yana cewa ai ba a san gobe ba. Kakanninmu sun san gyara, amma gyara ɗan ƙari ne da mai awo ke yi bayan an ga hatsi, an taɓa, an auna. Ba su taɓa jin an biya kuɗin gyara an bar mudun a kasuwa ba. Duk wannan na san shi, na sha yin wa'azinsa a zaure, amma da yaron ya miƙo mini waya na ga hoton filta goma sha biyu jere kamar sahun salla, an soke tsohon farashi da jan layi an rubuta rabinsa, ga wani agogo a gefe yana ƙirga daƙiƙun da suka rage kafin garaɓasa ta wuce, sai ilmina ya tashi kamar tsuntsu. Malamanmu sun hana cinikin garari, suka buga misali da sayar da kifi a cikin ruwa da tsuntsu a sararin sama. Ni kuwa na sayi gawayi a cikin rufaffen ƙoƙo, a cikin kwali, a cikin hoto, a hannun mutumin da ban san ko a Legas yake ko a Sin ba.

Bayan mako biyu aka kira ni tasha in karɓi saƙo. Na biya kuɗin mota, na biya ɗan kamasho, na biya mai acaɓa, rabin ragin ya tafi a nan. Da muka buɗe kwali a tsakar gida, iyali sun kewaye ni kamar ranar rabon gado, sai muka tarar ramin jog ɗina mai siffar ƙwai ne, filtocin kuwa zagayayyu ne kamar gwangwanin tumatir, ba wadda ta zauna. Ɗana na biyu, wanda ke koyon kanikanci, ya ce wannan ƙaramin aiki ne, ya naɗe ɗaya da leda da robar tayar keke ya danna ta da ƙarfi har ta shiga. Muka zuba ruwa. Abin da ya sauko ƙasa, wallahi da na sami ƙaro na zuba da na rubuta allo da shi. Yaron ya ce ai ko ta ainihi ma sai an zubar da cikon farko da na biyu saboda ƙurar gawayi, wanda gaskiya ne. Muka zubar da bakwai, na takwas ya fito da launin shayin da aka yi wa rowar ganye. Daga ƙarshe na sa aka fasa ƙoƙon da taɓarya, muka sami gawayi irin wanda mai gasa masara ke amfani da shi a bakin tasha, har da ɗan guntun itacen da bai gama ci ba. Lambar mai kayan kuwa, tun daga ranar, wata mace ce ke amsawa da Turanci tana ba ni haƙuri.

Da abin ya dame ni sai na shiga bincike a asirce, in ga yadda sauran masu jog suke fama da harawar dokinsu, na tarar an rabu mazhabobi. Mafi rinjaye su ne masu cewa filta ba ta mutuwa, maganar wata guda dabarar 'yan kasuwa ce. Alhaji shi ne limaminsu, tasa tun ta Babbar Sallar bara waccan ce, ta yi kore a gefe, yana cewa alamar ta kama aiki ke nan. Akwai masu wanke ta da omo ranar Asabar su shanya a kan katanga tare da hula. Akwai wata baiwar Allah da ta cire tata ta jefar tun da ta toshe, ta ci gaba da zuba ruwa ta sama yana zuba ƙasa ta ramin, ta ce yanzu ma ya fi sauri, kuma iyalinta sun shaida ruwan ya fi na da daɗi. Mazhabar da ta fi burge ni ita ce ta masu ajiye jog domin baƙi kaɗai: yara da masu gida su sha daga jarkar mai ga-ruwa kai tsaye, in an yi sallama a ruga a ɗebo daga wannan jarka a zuba a jog a kawo falo a kan tire.

Wanda ya warware mini mas'alar wani dattijo ne a layin bayanmu, tsohon direban jirgin ƙasa, dattijon majami'a kuma, wanda muke zama da shi da yamma muna gyara duniya. Na kai masa takardar da ta zo cikin kwalin jog, wadda ba wanda ya taɓa warware ta a gidana, ya sa tabarau ya bi ta layi-layi kamar mai duba jadawalin jirgi, can sai ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, “Malam, ai masu abin ba su ɓoye muku kome ba. Ga shi sun rubuta, kada a zuba sai ruwan famfo wanda hukuma ta riga ta tace ta sa wa magani, ko wanda aka auna aka tabbatar ba shi da ƙwayar cuta. Yaushe rabon famfonka da ruwa?” Na ce, “Baba, bara ya yi tari sau ɗaya, muka taru, ashe iska ce.” Ya ce, “To, kun sayi abin cire warin kulorin, ku da kuke neman wanda zai sa muku kulorin ɗin.” 'Yarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, tana gefe tana tsintar shinkafa, ta ƙara da cewa ƙwayoyin taifod da na amai da gudawa suna ratsa irin wannan gawayi kamar yadda sauro ke ratsa tagar da ba raga, kuma tsohuwar filtar da ta daɗe a jiƙe cikin zafi ita kanta gida ce da ƙwayoyin ke haihuwa a ciki, har ruwan ya fito ya fi yadda ya shiga yawan jama'a. Ta ce, “Baba Malam, ku tafasa kawai, ya yi minti guda yana ɓararraka, ko ku ɗiga ruwan kulorin da ake sayarwa a kantin magani, ku jira rabin sa'a.” Tsohon ya ce, “Faɗa masa dai. Ni na yi aiki da injin gawayi kafin na dizal ya zo, ƙarfe ne tsagwaronsa, amma bai taɓa motsawa daga tashar nan da ɗanyen ruwa ba, sai an tafasa masa.”

Na komo gida ina tunanin Ishmawi. Malaman ba su yi kuskure ba, tambayar da aka yi musu ita suka amsa, watau wane ruwa ne ke ɗauke hadasi. Ba wanda ya tambaye su wane ruwa ne ke kai mutum gadon asibiti a ɗaura masa ƙarin ruwa. Mu ne muka haɗa babi biyu muka mai da su ɗaya, muka ɗauka duk ruwan da ya yi garau, ba wari, ba ɗanɗano, ya kuɓuta daga zargi, alhali ƙwayar kwalara ba ta da launi, ba ta sallama kuma.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne da na tuna kurkunu. Waɗanda suka kai shekaruna sun san yadda take kwantar da ƙauye guda a tsakiyar damina, a bar gona ga ciyawa, ana naɗe tsutsa a jikin tsinke kullum kaɗan-kaɗan. A 1988 an ƙirga masu ita a Nijeriya sun haura dubu 650. Aka tashi haiƙan, cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta shigo, Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka yana roƙon mutane, kuma babban makamin yaƙin bai wuce ɗan ƙyallen tacewa da ake ɗaurawa a bakin tulu ba, domin ƙwaron da ke ɗauke da tsutsar yana da girman da ƙyalle zai tare shi. Mai cutar na ƙarshe an gan shi a 2008, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar ta rabu da ita. Ƙyallen nan kyauta aka raba shi, ba a kuma taɓa ɗora shi a teburin falo ba, ina kyautata zaton shi ya sa ba mu ba shi girmansa ba.

Sa'an nan ga wani abin al'ajabi. Mutumin da ba ya shan ruwan gidan maƙwabcinsa saboda ba a tace ba, shi ne za ka gani ranar kasuwa ya tsaya ya shanye kunun zaƙi roba biyu, ba ya tambayar rijiyar da aka dama shi da ita, ya sa haƙori ya huda ledar fiya wata wadda ta yini a cikin bokiti ana tsoma hannu, lambar NAFDAC ɗin jikinta ta goge ko kuwa tun asali ba a buga ta daidai ba, da yamma a gidan biki ya cika kofi da zoɓo da ƙanƙarar da aka fasa a kan buhu a ƙasa. Bayan kwana goma zazzaɓi ya kwantar da shi, a ce malariya da taifod, tagwayen nan da ba su rabuwa a bakinmu, ya ce lalle sammu ne, domin shi a gidansa ruwan jog ake sha.

Uwargida ba ta ce mini ta gaya mini ba, domin ita ta sa ni, ni ma ban ce mata na gaya mata ba, domin ni na sayo dozin. Sulhun da muka yi shi ne, aka yi wa rijiya murfi da marfin tsohuwar durom, aka ware mata guga ɗaya da ba a ajiye shi a ƙasa, in ruwa ya yi gurɓi da damina a jefa ɗan alif, wanda ni da na sani a farkon haruffa ita kuwa ta san shi a wurin mai koli, a bari laka ta kwanta, a tafasa na sha da daddare a kan ragowar wutar tuwo, a juye a randa a rufe da faifai, da safe ya yi sanyi. Randar ma a nan ƙasar aka gina ta, ƙasar da mutanen Nok suka gasa yumɓu fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, kuma har yau ba ta taɓa neman a sauya mata kome ba sai moɗa. Jog ɗin kuwa bai yi asara ba, an zare masa hawan sama, ana zuba zoɓo a ciki in an yi baƙi, matar Alhaji ma ta sha kofi biyu ranar Lahadi.

Saura filta goma sha ɗaya suna nan a ƙarƙashin gadona cikin kwalinsu, ba a ko ɓare ledarsu ba. Shari'a ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, saboda haka ina shaida wa jama'a cewa ba su shiga kowane jog da na sani, ba su tace kome, ruwansu kuma baƙi ne. Amma na karya farashinsu zuwa rabin rabin abin da na saya, wanda ya ɗauki biyar kuma zan yi masa gyaran ɗaya. Mai bukata ya same ni a zaure bayan La'asar, ya kuma hanzarta, domin Alhaji ya riga ya aiko a ajiye masa shida.